Sharhin fim ɗin soyayya ya wuce ƙirgen shekaru

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da masu rubuta sharhin fina-finai da masu karanta shi, a kan wani nau'in fim da ake yawan yi wa gurguwar fahimta. Ina nufin fim ɗin soyayya mai barkwanci wanda ɗaya daga cikin masoyan ya girme wa ɗayan nesa ba kusa ba.

Da zarar irin wannan fim ya fito, sai sharhi ya rabu gida biyu. Wasu su ce abin kunya ne, wasu su ce jarumta ce da karya tsohuwar al'ada. Duka ɓangarorin biyu lissafi ɗaya suke yi: shekarun wane kaza, na wance kaza, a ɗebe wannan daga wancan, a yanke hukunci. An bar jaki ana dukan taiki. Abin da ke gaban mai sharhi shi ne ko fim ɗin ya san abin da zai yi da tazarar da ya ɗauko, kuma ana iya gane wannan dalla-dalla idan an san inda za a duba.

Shekarar 2024 ta ba mu ma'auni mai kyau, domin fina-finai biyu masu kusan jigo ɗaya sun fito a Amurka wata biyu tsakani. A farkon Mayu Prime Video ya saki The Idea of You, inda Anne Hathaway ta fito a matsayin bazawara 'yar shekara 40 mai gidan baje kolin zane-zane a Los Angeles, wadda ta faɗa soyayya da mawaƙi ɗan shekara 24 da Nicholas Galitzine ya fito a matsayinsa. A ƙarshen Yuni kuma Netflix ya saki A Family Affair, inda Nicole Kidman ta fito a matsayin marubuciya da mijinta ya rasu, ta shiga soyayya da tauraron fim, wato Zac Efron, wanda 'yarta ke yi wa aiki. Uwa mai 'ya guda, saurayi sananne, mace ce babba, duk iri ɗaya. Amma na farkon ya samu amincewar kusan kashi 80 cikin ɗari na masu sharhi a shafin Rotten Tomatoes mai tattara sharhin fina-finai, na biyun bai ko kai rabi ba. Da tazarar ce ke yanke hukunci, da tare za su tsira ko tare su nutse.

Bambancin ya faro daga tambayar da marubuci ke fara amsawa: ta idon wa za a ga labarin? A fim na farko, da idon matar ake kallon komai. Ita ce ke jin kunya, ita ce ke lissafin abin da za ta rasa, ita ake zagi a intanet idan hotunansu suka fita, 'yarta ce ke shan tsangwama a makaranta. Ɗan kallo yana cikin zuciyarta, saboda haka ko bai yarda da zaɓinta ba, ya san abin da ya jawo ta. A na biyun, an ɗora labarin a wuyan 'yar, wadda soyayyar ke ɓata wa rai. Sakamakon haka masoyan suka zama abin kallo daga nesa, kuma lokacin da ya kamata a kashe wajen gina shaƙuwarsu ya tafi wajen nuna takaicinta. Masu sharhi da yawa sun koka cewa ba su ga jituwa tsakanin jaruman biyu ba. Gaskiya ne, amma laifin bai tsaya ga jaruman ba. Ba a ba su isassun fitowa su kaɗai ba, balle jituwar ta samu inda za ta tsiro.

Ga wata hanya mai sauƙi da mai sharhi zai gwada kowane fim na wannan nau'i. Ya ɗauki labarin a ransa ya mayar da masoyan sa'o'in juna. Idan komai ya tafi yadda yake, fitowa ɗaya ba ta rushe ba, to tazarar ado ce da aka liƙa don talla. Idan kuwa labarin ya wargaje, to an gina shi a kanta. A rubutun fim, shafi ɗaya yana ɗaukar kimanin minti ɗaya a allo, kuma irin waɗannan fina-finai sukan tsaya tsakanin minti 90 da awa biyu. Masoya kan haɗu cikin minti 15 na farko, su kusanci juna sosai wajen tsakiya, sannan a kusan kashi uku cikin huɗu na fim ɗin wani abu ya raba su. Wannan rabuwar ita ce wurin dubawa. Mene ne ya raba su? Idan wata 'yar rashin fahimta ce da kiran waya ɗaya zai warware, ko saƙon da aka karanta ba daidai ba, marubucin ya gudu daga jigonsa. Idan kuma abin da ya raba su daga shekarun ya fito, kamar ɗaya yana son haihuwa ɗaya ya wuce wurin, ko ɗaya yana farkon gina sana'a ɗaya yana da ɗa da zai kare, to marubucin ya tsaya ya fuskanci abin da ya tara.

Sai maganar lambobi, tunda su ake so. Lamba ba ɗaya ba ce, uku ce, kuma sharhin da ya cakuɗa su ya ɓata. Akwai shekarun da labari ya faɗa, akwai ainihin shekarun jaruman, akwai kuma shekarun da kyamara ta nuna. An haifi Hathaway a 1982, Galitzine a 1994, wato shekara 12 ke tsakaninsu, alhali labarin ya ce 16. A littafin da aka ciro fim ɗin daga gare shi, wanda ya fito a 2017, saurayin ɗan shekara 20 ne, sai masu fim suka ɗaga shi zuwa 24, suka kuma ƙara wa 'yar shekaru ta zama 'yar 16. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye yana rage kaifin abin. Idan aka ƙara da kwalliya da haske mai laushi, sai ɗan kallo ya ga mutane biyu da ba su yi wani nisa da juna ba, alhali baki yana ta faɗa masa cewa duniya ta tashi saboda tazararsu. Wannan giɓi tsakanin abin da ake faɗa da abin da ake gani lahani ne na gaske, kuma shi ya fi cancantar a tattauna.

Dabarar ɓoye shekaru da haske ba sabuwa ba ce, kuma ba kullum take biyan kuɗin sabulu ba. A 1957 darakta Billy Wilder ya haɗa Gary Cooper mai shekara 56 da Audrey Hepburn mai 28 a Love in the Afternoon. An riƙa ɗaukar Cooper cikin inuwa don kada tsufansa ya fito fili, amma duk da haka maganar shekarunsa ta bi fim ɗin, kuma bai yi kasuwa a Amurka ba. Shekara shida bayan haka aka haɗa Hepburn ɗin da Cary Grant a Charade, shi yana da 59, ita 34. Grant bai ji daɗin a nuna shi yana bin yarinya ba, sai aka gyara rubutun: ita ce ke binsa, shi kuma yana ja da baya yana tsokanar kansa da tsufa. Fim ɗin ya karɓu wurin masu sharhi da 'yan kallo. Jaruma ɗaya ce, tazarar 28 a can, 25 a nan. Na farkon ya yi ƙoƙarin rufe abin da ido ke gani, na biyun ya faɗe shi da bakinsa ya mai da shi abin dariya.

Wannan ya kai mu ga barkwancin kansa, wanda sharhi da yawa ke mantawa da shi kamar ba rabin sunan nau'in ba ne. A tambaya: wa ake yi wa dariya? Barkwancin tazarar shekaru iri biyu ne. Akwai na arha, wanda ba ya wuce babba bai san waƙar zamani ba, ƙarami bai san abin da ya faru kafin a haife shi ba, ko wani baƙo ya zaci uwa ce da ɗanta. Sau ɗaya ake dariyar irin wannan, kuma yawanci an riga an ƙarar da shi a tallan fim ɗin na minti biyu. Akwai kuma wanda ke fitowa daga halin mutane da matsayin da suka tsinci kansu. A fim ɗin Indiya Cheeni Kum na 2007, Amitabh Bachchan ya fito a matsayin mai shekara 64 da ke son Tabu mai 34, sai ya je neman aurenta wurin mahaifinta, wanda ke da 58. Mai neman aure ya girmi surukinsa da shekara shida. Wannan yanayi guda ya isa ya ciyar da fitowa bayan fitowa, domin kowace gaisuwa da kowane kiran suna sai ya zama matsala. Mai sharhi zai iya ƙirga abin da hannunsa: cikin barkwanci goma da ya tuna, nawa ne za su yi aiki da a ce wasu mutane ne daban suka faɗe su? Idan duka ne, ba a rubuta su don waɗannan masoyan ba.

Abin da ya fi shekaru nauyi shi ne wane ne ke da iko a kan wane. A duba kuɗi, suna, aiki, gogewa, da kuma wanda zai iya tafiya ba tare da ya yi asara ba. Fim mai wayo yakan raba waɗannan tsakanin mutanen biyu. Babbar tana da gogewa da natsuwa, ƙaramin yana da dukiya da suna. Shi ya sa fina-finan 2024 ɗin nan biyu suka mai da saurayin tauraro, don kada a ce an yi amfani da shi. Amma dabarar tana da nata ramin, domin idan aka ba saurayi duk dukiya, duk hankali, duk haƙuri, sai ya daina zama mutum ya koma mafarki. Ba ya yin wautar ɗan shekara 24, ba ya gajiya, ba ya kallon sa'o'insa. Wannan ƙorafi an yi shi a kan The Idea of You, kuma yana da tushe. Inda kuma aka tara komai a hannu ɗaya, babba shi ne ubangida a wurin aiki, shi ne mai biyan albashi, shi ne malami, to wajibi ne fim ɗin ya nuna ya san da haka. Idan ya rufe ido, mai sharhi bai kamata ya rufe nasa ba.

A nan sai in ja layi. Duk abin da na faɗa ya shafi manya biyu ne. Inda ɗaya bai kai shekara 18 ba, maganar ta fita daga batun salo da jituwa, kuma dole sharhi ya faɗi haka a sakin layin farko, komai kyan hoto da daɗin kiɗa. Haka kuma tazara ɗaya ba nauyi ɗaya gare ta a ko'ina ba. Shekara 16 tsakanin 24 da 40 daban ne da 16 tsakanin 44 da 60, domin na farkon ya ratsa matakan rayuwa biyu, na biyun kusan mataki ɗaya ne. Turawa suna da wani lissafi na baka, wai a raba shekarun babba biyu a ƙara bakwai, abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin shekarun da suka dace. Ba kimiyya ba ce, zancen hira ne. Amfaninsa ɗaya: idan aka gwada, za a ga marubuta kan sauka ƙasa da layin kaɗan da gangan. Mai 40 layinta 27 ne, aka ba ta 24. Mai 64 layinsa 39, aka ba shi 34. Suna son tazarar ta isa a yi surutu, amma kada ta kai a tashi daga kallo.

Akwai kuma fuska biyu da ya kamata masu sharhi su kama kansu da ita. Shekara da shekaru ana haɗa jarumai maza masu shekara 50 zuwa 60 da mata 'yan 25 zuwa 30, labarin bai ce uffan ba, sharhi ma bai ce ba. A 2015 jaruma Maggie Gyllenhaal ta bayyana cewa tana da shekara 37 aka ce mata ta tsufa da fitowa a matsayin masoyiyar namiji mai 55. Amma da zarar mace ce babba, sai tazarar ta zama ita ce kanun labari. Gyaran wannan ba shi ne a riƙa yi wa duk fim mai babbar mace tafi ba, domin wannan ma rashin adalci ne da aka juya. Ma'auni ɗaya za a riƙe wa kowa.

Jituwa, wadda kowa ke ambata, ita ma ana iya kama ta da hujja maimakon a ce kawai "akwai" ko "babu". Kafin a zaɓi jarumai akan haɗa su su karanta fitowa tare a gaban kyamara don a ga ko sun dace. A fim ɗin da aka gama kuwa, a lura da yadda aka tace shi, wato yadda aka yanka hotunan aka haɗa su. Idan darakta ya amince da jarumansa, yakan bar su biyun cikin hoto ɗaya na tsawon lokaci, a ga yadda ɗaya ke saurare yayin da ɗayan ke magana, yadda suke katse juna, yadda shiru ke zama tsakaninsu. Idan kuwa kullum a nuna fuskar wannan, a yanke, a nuna ta wancan, duk bayan daƙiƙa biyu ko uku, sau da yawa mai tacewa ne ke ƙera abin da bai samu a wurin ɗauka ba. Wata alamar ita ce yawan jera gajerun hotuna a kan waƙa, suna yawo, suna dariya, ba a jin abin da suke faɗa. Ɗaya ya wadatar. Idan sun kai uku, marubucin bai san abin da mutanen nan biyu za su ce wa juna ba, kuma a fim ɗin da duk tambayarsa ita ce me ya haɗa su, wannan babban rami ne.

Ga masu karatu, a yi hattara da makin da ake yawo da shi. Kason Rotten Tomatoes ba matsakaicin maki ba ne. Yana nuna kashi nawa cikin ɗari na masu sharhi ne suka ce fim ya wuce, ko da da ƙyar. Daga kashi 60 zuwa sama ana ba shi jan tumatir, ƙasa da haka ruɓaɓɓe. Saboda haka idan mutum ɗari suka ba fim shida bisa goma, zai iya samun kashi ɗari. Idan hamsin suka ba shi goma, hamsin suka ba shi uku, kashi 50 zai samu, ya faɗi. Fim mai raba kan mutane shi ke shan kashi a wannan tsari, mai lallaɓa kowa ya haye. Metacritic, wani shafin tattara sharhi, ya fi kusa da matsakaici, domin yana mayar da kowane sharhi maki bisa ɗari, sai dai yana ba wasu jaridu nauyi fiye da wasu. Makin 'yan kallo kuwa, tun 2019 Rotten Tomatoes ke ware na waɗanda aka tabbatar sun sayi tikitin sinima, amma fim ɗin da aka saki kai tsaye a intanet ba shi da tikiti, don haka wanda jigon kawai ya fusata zai iya zuba masa maki bai kalla ba. CinemaScore ma, da ke tambayar mutane a ƙofar sinima daren farko, ba ya kaiwa ga irin waɗannan.

Wurin kallo shi ma yana tasiri. An fara nuna The Idea of You ne a bikin fina-finai na SXSW da ke Austin a jihar Texas a watan Maris 2024, makonni kafin sakinsa. Barkwanci a zaure cike da mutane yana da wani armashi da ba ya samu idan mutum yana kallo shi kaɗai a waya, shi ya sa sharhin farko daga bukukuwa kan fi yawan yabo, maki ya riƙa sauka idan sauran suka shigo. Hukuncin makon farko kuma ba shi ne na har abada ba. Harold and Maude na 1971, labarin matashi da tsohuwa 'yar shekara 79, ya sha suka kuma bai yi kasuwa ba da farko, amma a 1997 aka sa shi cikin kundin fina-finan da Amurka ke adanawa saboda muhimmancinsu.

Saura ƙarshen labari, inda yawancinsu ke tuntuɓe. Nau'in yana neman masoya su haɗu, jigon kuma yana cewa shekaru ba sa komawa baya. Littafin The Idea of You ya raba su, fim ɗin kuma ya tsallaka shekara biyar ya sake haɗa su. Tsallaken yana warware matsala ɗaya, tunda 'yar ta girma ta bar makaranta, amma ita 45, shi 29, kuma sauran tambayoyin suna nan inda aka bar su. Mai sharhi yana da damar ya so wannan ƙarshe ko ya ƙi shi, muddin ya gaya mana wace matsala aka biya kuɗinta, wacce aka tura ƙarƙashin tabarma.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne idan za a buga sharhin irin wannan fim, a nemi marubucin ya faɗi shekarun da ke cikin labari da na jaruman daban-daban, ya ambaci aƙalla fitowa biyu da ya kafa hujja da su, ya ce a ina ya kalla, kuma idan ya kawo maki daga wani shafi ya bayyana ko na masu sharhi ne ko na 'yan kallo. Idan zai tona ƙarshen labari, ya yi gargaɗi tun a sama.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naka,
Mai bibiyar shafin sharhin fina-finai